Jirgin da ke cikin kwalba a Greenwich, da abin da ya kawo atamfa jikinsa

Tambaya: Malam, ban daɗe da zuwa Landan karatu ba. Wata ƙawata ta turo mini hoton wani jirgin ruwa a cikin ƙatuwar kwalba a unguwar Greenwich, ƙyallayen jikinsa duk zanen atamfa irin tamu. Wa ya yi shi, me yake nufi, kuma in na je me zan gani a kusa da shi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar karatu. Idonki ya gani daidai, zanen atamfa ne, kuma da gangan aka sa shi. Mai aikin sunansa Yinka Shonibare, Bayarabe ne, an haife shi a Landan a 1962, iyayensa suka koma da shi Legas yana ɗan shekara 3. Can ya tashi, sai da ya zama saurayi ya dawo Ingila ya karanci zane. Yana ɗan shekara 18 wata cuta ta kama masa laka, ta bar shi da shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa yake aiki da mataimaka: shi ke tsara abu, su aiwatar yana duba su.

Jirgin kwaikwayo ne na HMS Victory, jirgin yaƙin da Horatio Nelson, kwamandan sojojin ruwan Birtaniya, ya mutu a kansa ranar 21 ga Oktoba, 1805, a yaƙin Trafalgar, kusa da gaɓar Sifaniya. Don ki auna zamanin da namu, shekara ɗaya ke nan da 'yan watanni bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu. Ainihin jirgin yana nan har yau a garin Portsmouth. Na cikin kwalbar an rage girmansa sau 30, an sa masa igwa 80 da ƙyallayen iska 37, wato manyan zannuwan da iska ke bugawa ta tura jirgi. Kwalbar tsawonta mita 4.7, faɗinta mita 2.8, wuyanta kuwa mutum na iya rarrafawa ta ciki ya shiga.

Asali ba don Greenwich aka yi shi ba, kuma in ba ki san wannan ba rabin ma'anarsa zai wuce ki. A tsakiyar Landan akwai dandalin Trafalgar, inda mutum-mutumin Nelson yake tsaye a kan wani ginshiƙi, tsawonsu gaba ɗaya sama da mita 50. In 'yar Najeriya ce ke, ofishin jakadancinmu yana nan dab da wurin. A kusurwoyin dandalin akwai dakali huɗu na ɗora mutum-mutumi. Na huɗun an gina shi a 1841 don sarki William na IV, kuɗi suka yanke, ya zauna babu kowa a kansa fiye da shekara 150. Daga 1999 aka fara ba masu fasaha aronsa, wannan ya ɗora nasa na ɗan lokaci, a sauke, wani ya ɗora. Na Shonibare ya hau a watan Mayun 2010, kuma shi ne baƙar fata na farko da aka ba wannan dakalin. Ki duba tsarin da kyau: Nelson a can sama, jirginsa a ƙasa cikin kwalba, sanye da tufar matan Afirka ta Yamma. Da wa'adinsa ya cika a farkon 2012, jama'a suka yi karo-karo, aka haɗa da tallafin wata gidauniyar fasaha, aka saye shi don kada ya faɗa hannun wani attajiri ya ɓace wa ido. Aka kai shi ƙofar Gidan Tarihin Teku na Ƙasa da ke Greenwich, ta ɓangaren da ke kallon lambu. A waje yake, ba a biyan ko kwabo.

Yanzu ga maganar atamfa, wadda a ganina ita ce zuciyar aikin.

Mu dai mun ɗauke ta tamu, kuma tamu ce, tunda da ita ake haɗa lefe, da ita ake anko, da ita ake goyo. Amma ba a hannunmu ta faro ba. Mutanen tsibirin Jawa a Indunisiya ke da wannan sana'a: su zana ƙyalle da narkakken kaki, su tsoma a rini, inda kaki ya rufe rini bai kama ba. Turawan Holan da ke mulkinsu suka so su yi irinsa da inji a cikin ƙarni na 19, su sayar musu da araha. Na injin ya riƙa fitowa da ƙananan jijiyoyi inda kakin ya tsage rini ya kurɗa, mutanen Jawa suka ga aibi ne, ba su karɓe shi sosai ba. Da 'yan kasuwa suka kawo shi gaɓar Ghana ta yau wajen shekarun 1890, sai matan wurin suka ga waɗannan jijiyoyin su ne ma adon. Daga nan masaƙun Holan da na yankin Manchester suka koma buga zane daidai da abin da matan Afirka ta Yamma ke so, su kuwa matan su suka riƙa raɗa wa kowane zane suna, su ɗaga wannan su kayar da wancan. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, har yau yana kan wannan sana'a. Shi ne Holan ɗin da ake alfahari da shi a akwatin amarya.

Shonibare ya sha ba da labarin yadda ya gano haka. Yana ɗalibi, wani malaminsa ya tambaye shi me ya hana shi yin fasahar Afirka ta asali. Ya tafi kasuwar Brixton da ke Landan neman wannan asalin, ya tarar da atamfa, da ya bincika sai ya ji daga Holan take, tushenta kuma Indunisiya. Tun daga ranar ya mai da ita kayan aikinsa. Abin da yake nunawa shi ne, abin da mutum ke kira nasa na gado sau da yawa ya ratsa hannaye da yawa kafin ya iso gare shi, kuma hakan bai rage masa zama nasa ba. Haka ma abin da Bature ke kira nasa. Ma'aikatan Victory a ranar yaƙin sun haura 800, kuma rajistar jirgin ta nuna ba duka 'yan Birtaniya ba ne, akwai mutanen ƙasashe da dama, har da baƙaƙe. A jikin allon tagulla da ke gindin ginshiƙin Nelson ma akwai siffar wani baƙin matuƙi riƙe da bindiga.

Ga mu Hausawa akwai ƙarin magana. Kafin atamfa ta zo, mu ne masu fitar da tufa. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin garin, tufar Kano tana kaiwa har Tumbutu da Tarabulus a kan raƙuma. A lokacin ƙofar kasuwancinmu da duniya arewa take kallo, ta hamada. Teku ce ta juya ta kudu. Bayan Trafalgar babu wata ƙasa da ta iya ja da Birtaniya a ruwa har kusan shekara 100, jiragen kasuwancinta suka bi duk inda suka ga dama. Sojojin ruwanta suka yi wa Legas ruwan wuta a 1851, suka tuɓe Kosoko, a 1861 aka mamaye garin. Ta kogin Kwara kamfanin Turawa ya hauro, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, layin dogo ya iso Kano a 1911, dilolin yadin Manchester suka biyo shi. Saboda haka in na tsaya gaban kwalbar nan, ba na ganin abin ado kawai. Jirgi ne da nasararsa ta taimaka wajen buɗe hanyar da tufar nan ta bi ta iso Kantin Kwari, an kuma lulluɓe shi da ita.

Za ki ji wasu na cewa aikin zagin Nelson ne, wasu na cewa yabonsa ne. Ni ban ga ko ɗaya ba. Shonibare ya ƙera jirgin da girmamawa, kowace igiya a muhallinta, bai ɓata komai ba. Abu ɗaya kawai ya canza, wato ƙyallayen da ke tura shi, kuma wannan ya isa ya sa mai wucewa ya tambayi kansa da ƙarfin wa aka yi tafiyar. A nan gwanintarsa take. Akwai mai sukar cewa aikin ya yi kyau da yawa, yara na ɗaukar hoto a gabansa, zafin tarihin ya narke a cikin launi. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, domin kwalbar ba ta nuna jini ko sarƙa. Shi ya sa nake ba ki shawara kada ki tsaya a ƙofa, ki shiga gidan tarihin, shi ma kyauta ne.

An buɗe shi a 1937. Abu biyu nake so ki nema. Na farko rigar da Nelson ke sanye da ita lokacin da aka harbe shi, ga ramin harsashi nan a kafaɗar hagu. Na biyu sashen tekun Atlantika da cinikin bayi. Jiragen Birtaniya sun kwashi 'yan Afirka sama da miliyan 3 zuwa nahiyar Amurka kafin majalisarsu ta haramta cinikin a 1807, kuma a cikin mutanen da aka fitar ta gaɓar Legas da maƙwabtanta akwai Hausawa, har suka yi bore a Bahia ta Brazil a farkon ƙarni na 19. Daga 1808 sojojin ruwan nan dai su aka tura suna tare jiragen bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. Hannu ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma gidan tarihin bai ɓoye ba. Ki ba wannan sashen lokaci, kada ki bi shi a guje. Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka sace shi yana yaro, ya yi wa sojojin ruwan Birtaniya aiki yana bawa, ya fanshi kansa, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu yaƙi da cinikin, shi ma ya taɓa zama a Greenwich.

Daga nan ki gangara bakin kogin Thames, tafiyar 'yan mintuna, inda Cutty Sark take. Wannan kam jirgin gaske ne, ba kwaikwayo ba. An ƙera ta a Dumbarton ta ƙasar Sikotland, aka saka ta ruwa a watan Nuwamban 1869, don ɗauko ganyen shayi daga Sin. A lokacin duk jirgin da ya riga iso Landan da sabon ganye shi ke cin kasuwa, don haka aka yi ta siririya mai tsinin gaba, ƙarfe a ciki katako a waje, aka lafta mata ƙyallen iska kusan murabba'in mita 3,000. Sai dai ta zo a makare. A wannan watan ne aka buɗe mashigin Suez, jirage masu inji suka sami gajeriyar hanya, su kuwa masu tafiya da iska dole su ci gaba da zagaye Afirka ta ƙasa. Zuwa 1877 ta bar shayi. Sunanta ya fito ne daga baya, a jigilar gashin tumaki daga Ostireliya, musamman a hannun kyaftin Richard Woodget, wanda ya kawo ta daga Sidni cikin kwana 73. A 1895 aka sayar da ita ga wani kamfanin Fotugal, ta yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin Lisbon da Angola da Mozambik da Brazil. An dawo da ita Ingila a 1922, aka girke ta a Greenwich a 1954.

A watan Mayun 2007 gobara ta tashi a cikinta ana tsakiyar gyara. Abin da ya cece ta shi ne an riga an kwance yawancin katakonta an kai ajiya. Da aka sake buɗe ta a 2012, sai aka ɗaga ta sama kimanin mita 3, aka kewaye ƙugunta da rumfar gilashi. Masana gine-gine da yawa sun ƙi wannan rumfa, har wata mujallarsu ta ba ta lambar gini mafi muni na shekarar. Daga waje ina tare da su, rumfar ta haɗiye siffar jirgin. Amma ki sauka ƙasa ki tsaya ƙarƙashinta, ki ɗaga kai ki ga cikinta mai sheƙin tagulla yadda ya tsuke zuwa gaba, nan take za ki gane dalilin gudunta. Babu wani bayani a rubuce da zai ba ki wannan. A ƙarshen zauren akwai tarin sassaƙaƙƙun mutane da ake kafawa a goshin jirage a da, na faɗa miki ne don ki san da su kafin ki shiga. Shiga jirgin da kuɗi ne.

Manyan gine-ginen nan masu ƙubba biyu da ke gefenta asalinsu gidan kula da tsofaffin sojojin ruwa ne, wanda aka kafa a 1694 bisa tsarin Christopher Wren, daga baya ya zama kwalejin sojojin ruwa har 1998, yanzu jami'a ke amfani da wani ɓangare. A ciki akwai zauren da James Thornhill ya shafe shekara 19 yana zana rufinsa da bangonsa, inda aka ajiye gawar Nelson a watan Janairun 1806 jama'a suka yi ta tururuwa. In lokaci ya ƙure miki, tsakar gidan ma ta isa.

Abin da ba zan so ki bari ba shi ne hawa tudun da ke cikin lambun. Duk wanda ya tashi da rediyo a ƙasar Hausa ya saba jin “agogon GMT”. To, harafin farkon nan Greenwich ne, kuma ga gidan a kan tudun: gidan nazarin taurari da sarki Charles na II ya kafa a 1675. Ba son ilmi kawai ya sa aka gina shi ba, matsalar jirage ce. Matuƙi a tsakiyar teku yana iya sanin nisansa arewa ko kudu ta tsayin rana ko tauraro, amma gabas ko yamma ba shi da abin kamawa, kuma rashin sanin ya hallaka dubban mutane. Maganin yana cikin lokaci. Kin san yadda mutanen Maiduguri ke shan ruwa da azumi kusan rabin awa kafin na Sakkwato, saboda sun fi su gabas. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, digiri ɗaya minti 4 ke nan. In matuƙi ya ga rana ta take tsaka a inda yake, kuma yana da agogon da ke gaya masa ƙarfe nawa ne a Greenwich a daidai lokacin, bambancin zai nuna masa inda yake. Wahalar ita ce samun agogon da girgizar jirgi da zafi da sanyi da laima ba za su rikita shi ba.

A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan da ya kai fam 20,000 ga duk wanda ya samo mafita. Wanda ya warware matsalar ba malamin jami'a ba ne, kafinta ne mai suna John Harrison, wanda ya koya wa kansa gyaran agogo. Shekaru wajen 30 yana fama. Agogunansa uku na farko manya ne masu nauyi, na huɗun da ya gama a 1759 kuwa tafin hannu ya kusa rufe shi, kuma a gwajin da aka yi masa zuwa Jamaika cikin kwana 81 kuskurensa bai wuce daƙiƙa 5 ba. Duk da haka hukumar da ke kula da ladan ta yi ta ja masa rai, sai a 1773, yana ɗan shekara 80, da sa bakin sarki George na III, aka biya shi mafi yawan haƙƙinsa. Agogunan huɗu suna nan a gidan. Ni a duk Greenwich babu abin da ke taɓa ni kamar su.

A tsakar gidan ne layin sifiri yake, wanda ya raba gabashin duniya da yammacinta. Ba Allah ya shata shi a nan ba, mutane ne suka zaɓa: a 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton, 22 suka amince da Greenwich, domin yawancin jiragen duniya da taswirar Birtaniya suke aiki. Faransa ta ƙi jefa ƙuri'a. Ki lura, ƙarfin jiragen nan dai shi ya ba Greenwich agogon duniya. Layin in kika bi shi kudu zai ratsa Faransa da Sifaniya da Aljeriya da Mali da Burkina Faso da Togo, ya faɗa teku a Tema ta Ghana. Kada ki yi mamaki in wayarki ba ta nuna sifiri ba kina tsaye a kansa, domin layin da tauraron ɗan'adam ke aiki da shi yana gabas da wannan da kimanin mita 100. Ki yi ƙoƙari ki kasance a kan tudun kafin ƙarfe 1 na rana. Akwai jar ƙwallo a kan rufin da ake ɗagawa saura minti 5, a sake ta daidai ƙarfe 1. Tun 1833 ake yin haka don matuƙan da ke kogi su saita agogunansu. Shiga gidan da kuɗi ne, amma ƙwallon da kallon birnin daga tudu kyauta ne.

Game da zuwa, in da hali ki tafi ta ruwa. Akwai jiragen fasinja da ke tashi daga Westminster su sauke ki a gindin Cutty Sark, kuma unguwar don a gan ta daga kogi aka tsara ta. Jirgin ƙasa daga tashar London Bridge ya fi sauri da araha. Ki duba shafin gidajen tarihin na intanet kafin ki fita, don sukan rufe wani sashe saboda gyara. Ki sa takalmi mara tsini, tudun yana da tsayi, kuma iskar bakin kogi tana da sanyi ko da rana ta fito. In da hunturu ne ki fita da wuri, domin a watan Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk za su same ki a can. Ni tsarin da nake ba mutane shi ne su fara da kwalbar da gidan tarihin da safe, su hau tudu kafin ƙarfe 1, su sauko su ci abinci a kasuwar unguwar, su ƙare da Cutty Sark.

Wajen komawa, kusa da jirgin za ki ga wani ɗan gini zagayayye mai ƙubbar gilashi. Ƙofar hanyar ƙafa ce da ta bi ta ƙarƙashin kogin, an buɗe ta a 1902 don leburorin tashar jiragen ruwa da ke aiki a tsallake, tsawonta kimanin mita 370. Ki bi ta ki fita a Island Gardens, daga can ne ake ganin gine-ginen gaba ɗaya a jere da tudun a bayansu, kuma akwai tashar ƙaramin jirgin ƙasa na DLR a wurin da zai mai da ke cikin gari.